Kama da wane ba ta wane: amsa ga ɗana mai nutso a Bahar Maliya

Ɗan aminina ne, mun tashi da mahaifinsa a unguwar Birni, yanzu yana karatu a Alƙahira. Da aka ba su hutu sai ya tafi Dahab, can gaɓar Sina'i, ya koyi nutso da tukunyar iska. Makon jiya ya turo mini hotuna uku ta salula, haɗe da wannan tambaya:

"Baba, ina wuni, ya zafi? Waɗannan dodon koɗin teku ne marasa ɓawo, na ɗauke su a zurfin mita 15. Na farko da na biyu kamar an tsaga kara: ratsi-ratsin baƙi, gefe ruwan goro. Mai yi mana jagora ya ce abu ɗaya ne, wani kuma a intanet ya ce na biyun Chromodoris annae ne. Na ukun baƙi ne mai ƙuraje toka-toka, ba shi da tuntun nan da sauran ke da shi a baya, ko kifi ne ya cinye masa? Kuma yaya mutum zai bambance su yana cikin ruwa, iska na ta raguwa?"

Da yake yaranmu da ke karatu a Masar da masu aiki a Jidda da Yanbu sun fara shiga wannan harka, na ce bari in amsa masa a fili, kowa ya samu.

Lafiya lau ɗana, zafi kuwa lokacinsa ne. Sai da na dara da na ga hotonka da takalman iyon nan masu kama da ƙafar agwagwa. Badamagaren da ya girma yana leƙen ɗan garuwa a ƙofar gida, yau shi ne ruwa ya rufe da tsawon mita 15. Ni ma an yi mini wannan dariyar. Ranar da na ce halittun teku zan je karantawa, wata gwaggona cewa ta yi in dai ruwa nake so, ga tafkin Gidimuni nan kusa, me ya yi zafi.

Ga sunayen tukuna. Na farko Chromodoris quadricolor ne, na biyu Chromodoris africana, na uku Phyllidiella pustulosa, kuma babu kifin da ya taɓa shi, haka aka halicce shi. Kada Latin ɗin ya tsorata ka: kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan yanka. Ka ga na farko da na biyu ƴan gida ɗaya ne, dole su yi kama, amma kowa da sunansa. Jagoranku ya haɗa wa da ƙane ya ce mutum ɗaya ne. Mutumin intanet kuma ya tafi har Indunusiya ya ɗauko sunan wani ɗan'uwansu ya liƙa wa na biyun.

Abin da ya ruɗe ku duka shi ne ruwan kansa. Ruwa yana shanye launi, kuma bi da bi yake yi. Ja ne ke fara tafiya, kafin ka wuce mita 5 ya dusashe, ruwan goro ya bi bayansa, sannan rawaya, shuɗi ne kaɗai ke jurewa har ƙasa. A zurfin da ka ɗauki hotunan nan babu fitila, duk abin da yake fari zai fito maka kamar farar rigar da aka cika wa bula. To bambancin dabbobin nan biyu kuwa a kan fari da shuɗi ya rataya. Quadricolor, kamar yadda sunansa ya faɗa, launi huɗu gare shi: baƙi, shuɗi, fari, ruwan goro. Ratsin baƙi uku ne a bayansa, tsakaninsu shuɗi ne na gaske. Africana kuwa baƙin ne ya fi yawa a bayansa, sai siraran layuka biyu farare da suka ratsa shi. Ba shi da shuɗi ko kaɗan, ruwa ne ya ara masa.

Yadda na gane daga hotonka ba wani sihiri ba ne. Dukansu biyu suna da farin zobe da ya kewaye baya, daf da ruwan goron gefe. Wannan zoben na san fari ne, don haka shi na mayar ma'auni. A hoto na biyu, layukan tsakiya da zoben launinsu ɗaya sak, bular da ta hau wannan ita ta hau wancan, ke nan duk farare ne. A hoto na farko kuwa, tsakiyar ta fi zoben shuɗi nesa ba kusa ba, ke nan shuɗin nasa ne na kansa. Ka riƙe wannan dabara, za ta yi maka amfani a duk hoton da aka ɗauka babu haske: nemi wurin da ka tabbata fari ne a jikin dabbar ko kusa da ita, ka auna sauran da shi. Amma mafi sauƙi ka sayi ƴar tocilar nutso, ko da rana tsaka ka shiga da ita. Ni na fi yarda in manta kyamara a jirgi da in manta tocila.

Sai gefe, kuma a nan nake so ka daɗe. Ka taɓa raka mahaifiyarka sayen atamfa a kasuwar Dole? Ba ta tsayawa kan zanen tsakiya, don ta san zane kowa na iya kwaikwayonsa. Warware turmin take yi ta duba baki, inda aka buga suna da lamba. Haka za ka yi wa ƴan gidan Chromodoris. Naman da ya lulluɓe bayansu, wanda nake kira mayafi, bakinsa jeren zobba ne siraru, kuma yadda aka jera su ya fi zanen tsakiya riƙon amana. Ka karanta daga waje zuwa ciki, kana faɗa a zuci kamar mai tilawa. Na quadricolor: fari siriri kamar zare, goro, fari, baƙi. Na africana galibi: goro har baki, fari, baƙi. Na ce galibi, don farin zaren nan na waje ƙarami ne ƙwarai, hoto na iya haɗiye shi, dabba kuma na iya naɗe bakin mayafinta. Shaida ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba. Na yarda da africana a hotonka ne don abu uku sun taru: baƙi ya rinjayi baya, layuka farare ne, goro ya kai baki.

Batun annae kuwa, tun kafin a duba jikinsa ya kamata a tambayi garinsu. Gidansa Indunusiya, Filifin, Malesiya da tsibiran yammacin tekun Fasifik. Shuɗinsa ma daban ne, cike yake da ɗigo-ɗigo masu duhu ƙanana kamar an barbaɗa gero, kuma yawanci babu layin baƙi da ya raba tsakiyar bayansa. Wanda ya faɗa maka sunan ya buɗe hotunan Bali ne ya ga abu mai ratsi da gefe ruwan goro ya ce shi ke nan. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a intanet. In ka ga saniya mai dogayen ƙahoni ja wur a kasuwar dabbobi ta nan, za ka fara tunanin ta Bororo ce, ba za ka tafi neman sunanta cikin shanun Indiya ba. Bahar Maliya teku ne da ya kusa zama rufaffe, gishirinsa ya fi na manyan tekuna, yana da halittu da yawa da ba a samu ko'ina sai nan. Littafin da aka rubuta don Filifin zai ɓatar da kai a Dahab.

Shi quadricolor ɗan asalin wurin ne. Daga Bahar Maliya aka fara bayyana shi wajen 1830, aikin wasu Jamusawa biyu, Rüppell da Leuckart. Wannan Eduard Rüppell ɗin ka san shi ba ka sani ba: mikiyar nan tamu ta duwatsu, a littattafan ilimi sunansa take ɗauke da shi, Gyps rueppelli. Africana kuma Charles Eliot ne ya raɗa masa suna a 1904, wani Baturen mulkin Ingila da ke riƙe da Gabashin Afirka, yana mulkin mutane yana kuma tsintar dodon koɗi a gaɓar Zanzibar.

Yanzu na ukun, wanda shi ne ya fi koya maka abu. Ka yi tambayar da ta dace da ka ce ina tuntun. Kafin launi, ƙirar jiki ake fara dubawa, don ita ce ba ta ƙarya. Dangin nan gaba ɗaya ana ce musu nudibiranki, ma'anar kalmar masu abin numfashi a tsirara, kuma nau'in da aka raɗa wa suna sun kai wajen 3000. Babu mai haddace su. Abin da ake haddacewa shi ne ƙira. Ƙahoni biyun da ke kai ba na tunkuyi ba ne, ba kuma idanu ba ne, hanci ne, da su dabbar ke shinshinar abinci da ƴan'uwanta a cikin ruwa. Idanun nata ƴan ɗigo ne da ke binne a fata, haske da duhu kawai suke rabewa, duk adon nan da ke jikinta ba ta taɓa ganinsa ba. Tuntun baya shi ne huhunta. Ƴan gidan Chromodoris da danginsu suna da aljihu a gindin tuntun, da sun ji motsi ko inuwa ta gifta sai su zuƙe shi ciki, ya bar ɗan rami. Saboda haka rashin tuntu a hoto na iya nufin kai ne ka firgita dabbar. Ka ja baya kaɗan, ka daina hura mata ruwa da hannu, cikin minti ɗaya ko biyu zai sake buɗewa.

Naka kuwa ko ka kwana a wurin ba zai fito da tuntu ba. Dangin Phyllidiidae ne, su abin numfashinsu jeren ganye-ganye ne a ɓoye ƙarƙashin mayafi, tsakaninsa da tafin da suke jan ciki da shi. Jikinsu tauri gare shi kamar fatar jima, cike da ƙuraje, tafiyarsu kamar ba sa so, kuma suna zaune a fili da rana ba sa tsoron kowa. A cikinsu ƙaho ne ke raba gidaje: na ƴan gidan Phyllidia rawaya ne ko ruwan goro, na Phyllidiella baƙi. Naka baƙi ne, ƙurajensa kuma a dunƙule suke rukuni-rukuni. Toka-tokan da ka gani ma aikin ruwa ne, da ka haska shi da ka ga ruwan hoda. Akwai wani da za ka yi ta karo da shi a wuraren nan, Phyllidia varicosa, mai kunya-kunya shuɗi-toka da kan ƙuraje rawaya. Shaidarsa mafi ƙarfi layin baƙi ne da ya bi tsawon tafinsa ta ƙasa. Kada ka kifar da shi don ka gani. Ka jira ya zo hawa ko sauka daga bakin dutse, ka leƙa.

Ka san kuma ba duk mai ado ne ɗan dangi ba. Akwai shimfiɗaɗɗun tsutsotsin teku masu launi irin wannan. Su sirara ne kamar ganyen takarda, suna malala a kan dutse da sauri kamar an zubar da mai, ba su da tuntu, abin da ke kama da ƙaho a kansu kuma naɗin bakin jiki ne kawai. Ɗaya daga cikinsu, Pseudoceros imitatus, a can wajen Fafuwa Niugini da maƙwabta, ya kwaikwayi wannan na ukun naka har da ƙurajen. Akwai ma wata halitta mai kama da kokwamba, Pearsonothuria graeffei, wadda ƴaƴanta ke shiga rigar Phyllidia varicosa suna ƙanana, in sun girma su tuɓe su koma launin ƙasa. Sai masu fiffike biyu a naɗe bisa baya, irin su Elysia da Thuridilla, waɗanda gansakuka suke ci, ƙahonsu a naɗe kamar tabarma. Su ma dodon koɗi ne marasa ɓawo, amma ba nudibiranki ba ne. Sai kuma masu geza, waɗanda bayansu duk yatsu ne tsirara, su nudibiranki ne na wani reshe, suna cin halittu masu harbi su ajiye makamin harbin a kan yatsunsu. In ka iya sanya abin da ka gani cikin ɗaya daga waɗannan rukunai tun kana ƙasan ruwa, ka yi rabin aikin.

Za ka ce me ya sa suke wahalar da mu da wannan kamanni. Ba don mu suke yi ba, don kifi ne. Dabbar da ta yar da ɓawonta dole ta nemi wani abin kariya, su guba suka samu, kuma yawanci daga abinci suke tara ta. Quadricolor yana kiwo a kan wani jan soson teku mai rassa, Negombata, ya ɗebi gubar da ake kira latrunkulin ya ajiye a jikinsa. Launin sanarwa ce: na ci abin da zai ɓata maka ciki. Kifin da ya taɓa gutsurar mai ratsin baƙi da gefe ruwan goro ba ya sake kusantar mai irin wannan riga. To ka ga riba ce ga nau'i goma masu guba su ɗinka anko, kifi ya koyi darasi sau ɗaya maimakon sau goma. Marasa guba ma sai su saci ankon su shiga biki. Na ga ƙarfin gubar nan da idona. A shekarata ta farko a bakin aiki, na jefa Phyllidia ɗaya cikin bokitin da muka wuni muna tara ƴan jatan lande da ƙananan kaguwa don nazari. Kafin jirgi ya kai gaɓa ruwan ya yi yauƙi da wani wari mai yaji, komai na ciki ya mutu sai shi. Wanda ke koya mini aikin bai ce uffan ba, ya miƙo mini bokitin kawai ya ce in wanke.

Wannan anko ya kai inda masana kansu suka sha kunya. A 2018 Kara Layton da Terrence Gosliner da Nerida Wilson suka fitar da binciken da suka yi a kan ƙwayoyin gado na ƴan gidan Chromodoris. Suka tarar nau'i ɗaya na iya sanya rigar wani a wannan yanki, ya sanya ta wani daban a wancan, wasu kuma da ake ɗauka nau'i ɗaya ne ashe sun fi haka. Shi ma pustulosa ɗinka binciken irin wannan ya nuna nau'o'i ne da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. Don haka in a takardar aiki zan rubuta shi, Phyllidiella cf. pustulosa zan sa. Ƴan haruffan nan biyu na nufin "yana kama da wane". In kuma gida kawai ka gane, sai ka rubuta sunan gidan ka bi shi da sp., wato "wani ɗan gidan su wane". Matasa na ganin wannan kamar kasawa ce. A wurina wanda ya rubuta Chromodoris sp. ya fi wanda ya ƙaƙaba cikakken suna don kada a ce bai sani ba, domin sunan ƙarya in ya shiga intanet sai ya haihu, gobe wani ya auna hotonsa da naka.

Akwai shaidun da hoto ɗaya ba ya ɗaukowa, sai wanda ya tsaya ya kalla. Zan ba ka misali da wasu biyu da na tabbata za ka gamu da su a Bahar Maliya: Hypselodoris pulchella da Goniobranchus annulatus. Dukansu farare ne masu ɗigon rawaya da siririn baki shunayya. Annulatus yana da zobe shunayya da ya kewaye ƙahoni, wani kuma ya kewaye tuntu, wani lokaci zoben a gutsure. Pulchella ba shi da zobba, jikinsa ya fi tsawo da tudu, tuntunsa ba ya zama shiru, karkarwa yake yi, kuma sau da yawa za ka gan su biyu ɗaya na bin ɗaya, kan na baya a manne da wutsiyar na gaba kamar ayarin raƙuma. Wasu ƴan gidan Goniobranchus kuma, irin su geminus, ɗaga bakin mayafi suke yi suna saukewa yayin tafiya. Abin da dabbar ke zaune a kai ma shaida ne, don galibinsu masu tsantseni ne wajen ci, kowa da kalar sosonsa. Ƴan gidan Nembrotha a kan wasu halittu masu kama da ƴan tuluna masu baki biyu ake samunsu. In ka ga biyu sun jeru gefen dama da gefen dama, kan wannan wajen wutsiyar wancan, barbara suke yi, kowannensu namiji ne kuma mace. Wannan hoto ne mai daraja, don yana nuna maka yadda launi ke bambanta tsakanin ƴan nau'i ɗaya. Ranar da Allah ya kai ka Indunusiya za ka ga wasu ƴan gidan Chromodoris biyu, lochi da willani, masu ratsin baƙi a kan shuɗi mai haske, waɗanda ɗigon fari a ƙaho da tuntun willani ne ke raba su.

To yaya za ka yi duk wannan iska na raguwa? Amsar ita ce ba a ƙasan ruwa ake raɗa suna ba. A can shaida ake tarawa, shari'a sai an fito. In ka ga dabba, fara daidaita kanka ka tsaya cak a cikin ruwa ba tare da ka dafa komai ba, ƙafar agwagwarka a sama da yashi, don bugu ɗaya ya isa ya tayar da ƙurar da za ta ɓata hoto. Ka kalle ta da ido kafin kyamara: akwai tuntu ko geza ko babu, wane launi ne ƙaho, yaya jeren gefe, a kan me take. Sannan hoto uku: ɗaya daga sama da dukan jiki, ɗaya daga gefe inda tafi da ƙasan mayafi za su fito, ɗaya daga ɗan nesa da abin da take ci. Hotunanka duk daga sama ne kuma ka matsa har ka yanke sosonsu, wanda da ya fito da ya ƙara mini hujja. Girma kuma kada ka yarda da idonka, gilashin fuska na ƙara wa abu kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka yi zane na santimita a bakin allon rubutunka na roba, ka kawo shi kusa ba tare da ya taɓa dabbar ba. Farin allon ma zai zama ma'aunin launi. Da ka fito, kafin ka sha shayi, rubuta wuri da zurfi da rana.

Hannu kuwa a jikinka. Taɓawa na cutar da su, kuma kusa da su akwai murjanin wuta da kifin dutse da ba ka gani sai ya harbe ka. Dokar Masar ma ta hana ɗiba ko lalata halittu a wuraren da aka keɓe, irin su Ras Muhammad.

Abin da na fi ji maka tsoro ba kuskuren suna ba ne. Masu neman dodon koɗi su ne suka fi kowa mantuwa a cikin ruwa, kai a ƙasa, hankali a kan abu mai tsawon ɗan yatsa. A mita 10 iskar da kake sha ninki biyu ce ta wadda kake sha a sama, a mita 20 ninki uku. Na taɓa bin wani ɗan mitsitsi ina gangara gefen dutse, daga wannan hoto sai wancan, ban farga ba sai da abokin nutsona ya ja ni ta ƙafa ya nuna mini agogon iska. Na wuce zurfin da muka shirya, allura kuma ta sauka ƙasa da 50, wato iskar da ke tukunyata ta yi ƙasa sosai. Mun fito lafiya don shi bai manta da ni ba, ni ne na manta da shi. Takardar shaidar nutso ta farko da aka ba ka iyakarta mita 18, ka tsaya a nan, akwai dodon koɗin da za su ishe ka shekaru a sama da haka. Bayan kowane hoto uku ka dubi agogo ka dubi abokinka. Ka juyo da sauran iska, ka hau a hankali, ka yi tsayuwar minti 3 a mita 5. Kada garin neman gira a rasa ido.

In ka zauna neman suna, wani abu zai ɗaure maka kai: dabba ɗaya, suna biyu. Ba laifinka ba ne. A 2012 Rebecca Johnson da Gosliner suka sake raba gidajen dangin Chromodoris, da yawa suka tashi daga Chromodoris suka koma Goniobranchus, pulchella kuma da ake kira Risbecia ya koma Hypselodoris. Littafin Nathalie Yonow na 2008 a kan dodon koɗin Bahar Maliya shi ne ya dace da inda kake, amma ka ga ya riga wannan canji, saboda haka tsofaffin sunaye za ka tarar a ciki. Ka duba sunan a WoRMS, rajistar sunayen halittun teku da ke intanet, za ta gaya maka wanda ake amfani da shi yanzu. Hotunan kuma ka ɗora su a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu, haɗe da wuri da ranar da ka ɗauke su, akwai masana na gaske da ke leƙawa suna gyara. Sunan da manhajar ke fara ba ka da kanta, ka ɗauke shi kamar maganar mutumin intanet ɗin nan, daga launi take hukunci.

Ka ce za ka koma Dahab a hutu mai zuwa. In malaminka ya ga ka isa nutson dare, ka nemi Hexabranchus sanguineus, wanda Turawa ke kira mai rawar Sifaniya. Shi ma Rüppell da Leuckart ne suka bayyana shi daga wannan teku. Yana iya kai tsawon hannunka daga gwiwa zuwa yatsu, ja wur kamar jini a hasken tocila, abin numfashinsa rassa ne a rarrabe da ba su da aljihu ɗaya na zuƙewa, in ya tashi iyo kuma sai ya warware mayafi yana kaɗawa. Da rana ƙwansa za ka gani, wani kirtani ruwan hoda a naɗe kan dutse kamar fure. An daɗe ana cewa nau'i ɗaya ne daga Masar har Hawai, sai a 2023 aka raba shi, amma na Bahar Maliya ya riƙe sunansa. Ka leƙa cikin rassan numfashin, wani lokaci akwai ɗan jatan lande ja da fari da ke zaune a ciki yana hawan kyauta.

Mahaifinka ya biyo ta nan jiya bayan la'asar, na nuna masa hotunan. Ya juya salular sama da ƙasa, ya tambaya ko ana cin abin. Na ce masa ko kifi ya ƙi. Ya ce to in gaya maka ka riƙa kiran mahaifiyarka duk ranar da ka fito daga ruwan.